Jinin Inna Ba Zai Hau Jirgi Ba

Zuwa ga yayana, Dokta Bello.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ƙanwa ke yi wa yayanta, ina tambayar lafiyarka da ta iyalinka, da aiki, da sanyin ƙasar da kuke ciki. Mu nan Anka muna nan yadda ka san mu, alhamdu lillahi, in ka cire Inna. Yau kwana tara ke nan abin da ke shiga cikinta bai wuce cokali uku zuwa huɗu na kunu ba. Tun shekaranjiya a kwance take salla. Hankalinta garau yake, kuma duk wanda ya yi sallama sai ta ɗaga kai ta duba ko wane ne.

Na san ranka zai ɓaci da ganin wannan wasiƙa a nan dandalin sada zumunta, inda kowa zai tsaya ya karanta. Ka yi haƙuri da ni. Na kira ka ya fi a ƙirga a makon nan, sau biyu ka ɗauka, kuma duka biyun kafin in gama sallama ka jefo mini tambayarka, ko an ba direban da ka turo ambulan ɗin da ke ɗauke da jinin Inna. Sannan ba ni na fara kawo Inna wannan fili ba. Kai ka sa hotonta a bidiyon jawabin da ka yi gaban Turawa, tana zaune bakin ɗakinta da carbi a hannu. Ka ce musu ga kakarka, ta haura shekara ɗari ba ta taɓa kwana a asibiti ba, kuma a jinin irinta kuke fatan samo abin da zai kai ɗan Adam shekara ɗari biyu da ƙarfinsa. Na ji tafin da suka yi maka. Na ga 'yan garinmu suna ta tura bidiyon suna sa maka albarka. To tunda a bainar jama'a ka zaunar da ita, a bainar jama'a zan isar maka da saƙonta.

Direban ya zo ranar Alhamis. Ya yi ta hon har maƙwabta suka leƙo. Na fita na ba shi haƙuri da ruwan sha, ya juya babu komai a hannunsa. Ka gaya wa abokin aikinka da ke jira a Abuja ya hau jirginsa, kada ya yi asarar tafiyarsa saboda mu.

Masu karantawa ba su san mu ba, don haka ka bari in faɗi abin da ka riga ka sani. Inna kakarmu ce, uwar mahaifinmu. Ita ta ɗauke mu a Tungar Guru ranar da mahaifiyarmu ta rasu wajen haihuwata, kana da shekara bakwai, kuma bayan damina biyu Baba ya bi ta. Inna ta sha ba ni labarin yadda ka tsaya a tsakar gida ranar sadakar ukun Baba, ka ce in ka girma likita za ka zama, ka hana kowa mutuwa. Ta ce mutane suka yi ta dariya cikin kuka, kai kaɗai ne ba ka yi ba. Na san daga inda aikinka ya taso, Yaya. Saboda haka duk wanda ya shigo nan don ya kafirta mini ɗan'uwa, kamar yadda na ga wasu sun fara a ƙarƙashin bidiyon, ya kama gabansa. Rigimata da kai ta cikin gida ce, ko da na yi ta a waje.

Wata biyu da suka wuce ka aiko mini da ɗan kwali. A ciki akwai farin kati mai da'ira biyar da ake ɗiga jini a kai ya bushe, da 'yar allurar huda yatsa, da takardar Turanci shafi huɗu mai wurin dangwale a ƙarshe. Ka ce kada in tsaya dogon bayani, tsohuwa ba za ta gane ba, in ce mata gwajin lafiya ne kawai. Ni kuma huda yatsa aikina ne na kullum a ƙaramin asibitin da nake, na yi wa yaran da ban san adadinsu ba. Na yi ta ɗaga ranar har ka fara fushi. Wata Laraba da hantsi, tana shan rana a kan tabarma, na zauna gabanta na kama hannunta na goge yatsan.

Sai ta dubi allurar ta ce, “Wagga allura ai na san ta. Ciwon yara ya dawo?”

Kafin in buɗe baki ta miƙo mini hannun gaba ɗaya. “In don yara na, ki ɗebe shi duka, mi ni ka yi da shi.”

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na huda, na matsa, na cika da'ira biyar ɗinka. Na sa babban yatsanta a tawada na dangwala a takardar da ba ta san me ke ciki ba. Ta sa mini albarka, Yaya, ta sa maka kai ma. Da katin ya bushe na sa shi a ambulan tare da takardar.

Kai ba ka san inda ta san allurar ba, don shekarar kana can kana rubuta jarrabawarka ta ƙarshe, a rediyo ka ji. Mu a tsakar gida muka gani. Lawali ɗan baffanmu ya shiga haƙar zinari kamar kowa, yana kawo duwatsu buhu-buhu. A kai injin niƙa, ragowar matarsa ta daka a turmi, a nan inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Ƙurar ta zauna a kan kwanon abinci, ta zauna a kan shanya, ba wanda ya ɗauke ta komai. Gidan ya samu rufin kwano, Lawali ya sayi babur, har Inna ya ɗinka wa sabon zane. Sai yara suka fara amai da jijjiga, idonsu ya kakkafe. Aka ce zazzaɓi ne, aka ce sanƙarau ne, aka ce iska ce. Daga Dareta ake jin irinsa, daga Tungar Daji ake jin irinsa. Kafin likitoci su zo su ce gubar dalma ce a cikin dutsen, Lawali ya binne uku cikin 'ya'yansa huɗu.

Inna ce ke riƙe yaran da suka rage a unguwar in za a ɗebi jininsu, don a cinyarta kaɗai suke yarda su zauna. Tana gani aka kankare ƙasar tsakar gidan da ta share tun tana amarya, aka kwashe a mota, aka kawo wata aka zuba. Ta huɗun cikin 'ya'yan Lawali, Nafisa, ta rayu. Tana nan wurina, shekararta tara, har yau ba ta kira sunan kowa ba, kuma sai an ba ta abinci a baki. Lawali kuwa bai daina shiga rami ba, don ya ce in ya zauna a gida kukan yara yake ji. Bayan shekara biyu ramin ya rufta da shi. A nan na ɗauko Inna da Nafisa na kawo su Anka.

To wannan ita ce allurar da ta gane. Da sunan waɗannan yaran na karɓi jininta.

Kwana shida ambulan ɗin yana cikin jakata, ina zuwa aiki da shi ina dawowa da shi. A rana ta huɗu na sa maigidana ya raka ni wurin limamin unguwarmu bayan la'asar. Na san me za ka ce, cewa na kai maganar kimiyya gaban wanda bai taɓa ganin ɗakin gwaji ba. Na tafi ina jiran ya ce haramun in samu abin jifanka da shi, bai ba ni ba. Ya ce neman magani umarni ne, kuma wanda Allah Ya ba ilimin sauƙaƙa wa tsoho ciwon gwiwa ko mantuwa, aikin lada yake yi. Sannan ya tambaye ni wace cuta ce ke damun Inna da kake nema wa magani. Inna kuwa ba ta da cuta, tsufa kawai ta yi.

Ya ce in kwantar da hankalina ta wani gefen, ba mai ƙara wa ajali ko ƙiftawar ido. In maganinku ya yi aiki a kan wani, dama an rubuta masa waɗannan kwanakin. Abin da yake tsoro shi ne dogon buri, da abin da yake yi wa zuciya. Mutumin da ya sa a ransa yana da shekara ɗari biyu, yaushe zai tuba? Yaushe zai nemi gafarar wanda ya zalunta, yaushe zai mai da gonar marayu? Da shekara sittin ɗin nan ma da muke gani a gabanmu, sai an yi da gaske muke tuna akwai hisabi. Ya tuna mini cewa a cikin addu'o'in da ake koya mana tun muna allo akwai neman tsari daga tsufan da ke mai da mutum yaro, kuma in za a roƙa wa wani tsawon rai, sai an haɗa da albarka da kyakkyawan aiki, ba a roƙonsa tsurarsa.

Yana magana ina tuna ka. Shekara goma sha ɗaya rabonka da gida, kuma babu shekarar da ba ka ce baɗi ba. Ba ka sha maganin ba tukuna, tunaninsa kawai kake yi dare da rana, amma ga shi har ya sa kana lissafi kamar lokaci naka ne.

Da za mu tashi ya ce abu ɗaya ne ba ya shakka a kansa a duk maganar, shi ne dangwalen da na karɓa a kan abin da tsohuwa ba ta sani ba. Ya ce wannan ha'inci ne, ko ga baƙo, balle ga wadda ta goya ni. Ban ji haushinsa ba, don na sani tun kafin in fito daga gida.

Ka bar maganar liman ma, zo mu yi ta gona, tunda kai ma da fartanya ka girma kafin ka koyi cin abinci da cokali mai yatsu. Ka tuna maƙwabcinmu na Tungar Guru da ya yi furfura yana noma a gandun mahaifinsa, ko buhu ɗaya ba ya iya sayarwa sai ya je ya durƙusa ya nemi izini? Muna yara muna yi masa dariya. Yanzu ka ƙara wa mahaifin nan shekara ɗari, da ƙarfinsa kamar yadda ka yi alkawari. Ɗa da jika da tattaɓa-kunne da na bayansu, duk a gona ɗaya, duk suna jiran mutum ɗaya. A nan ƙasar, matashi ba ya samun inda zai tsaya sai wani ya kwanta. Fadamar Gummi da ka sani an yanka ta an sake yankawa, har akwai mai gonar da zai tsaya a wannan iyaka ya tofa yawu a waccan. Burtalin da shanu ke bi gonaki sun cinye shi, kuma ba sai na gaya maka abin da hakan ya jawo tsakaninmu da maƙwabtan da muka tashi muna shan nononsu ba. Wannan fa ana mutuwa ke nan kullum.

Kuma wa zai samu maganin? Kada ka ce mini kowa. A asibitinmu akwai makon da maganin zazzaɓi ke yankewa, in tsaya ina rubuta wa uwa sunansa a takarda, na san ba ta da abin saye. In abin nan naku ya fito, na san gidajen da zai fara shiga, kai ma ka san su. Waɗanda ko yanzu ba sa sauka daga kujera sai an ɗauke su a makara, su za su fara sha. Ka yi tunanin mutum ɗaya a kanmu shekara ɗari da hamsin, mu kuma muna haihuwa muna binnewa kafin yaye. Wallahi in na tuna wannan tsoro nake ji, ba wasa ba.

Za ka ce ai ba tsufan kwanciya kuke nufi ba, mutum zai daɗe ne da lafiyarsa da hankalinsa. Na ji ka faɗa a bidiyon. To Inna ai ita ce misalin da ka nuna musu, bari in gaya maka yadda misalin yake daga kusa. Ba ta manta komai ba, kuma wannan ne nauyinta. Ta haifi takwas, ta ga an fita da takwas. Tana tuna wanda ke son ƙanzo, da wanda ke tsoron tsawa, da wadda ta rasu da lalle a ƙafa. Babu sauran mai rai da za ta ce wa “kin tuna” ya ce ya tuna. Ranar da nake cike takardarka na zo wurin suna, na tambaye ta don in tabbatar. Sai ta ce, “Rubuta Hadijatu. Masu kirana da shi duk sun tahi.” Kowa Inna yake ce mata, daga liman har mai tallan ƙosai. Rabon da ta ji sunanta a bakin tsararta, ita ma ba ta iya cewa.

Ni ma ba zan ɓoye maka nawa ba, ko da mutane za su ce na yi ƙorafi. Ni ke juya ta, ni ke kai ta bayan gida, ni ke yi mata wanka, in gama in koma kan Nafisa, sannan in sa farar riga in tafi aiki. Ina yi da zuciya ɗaya, Allah Ya sani, kuma kana aiko da abin da kake iyawa, ban raina ba. Amma bayana ciwo yake, Yaya, na kai arba'in da biyu. A jawabinka ban ji inda ka ambaci mai wanke tsoho ba. Duk shekarar da kuka ƙara wa wani, akwai macen da za ta ɗauke ta a gadon bayanta. Kuma ka gaya mini, Nafisa ma shekara ɗari biyu za ta yi a haka? A hannun wa?

A rana ta shida na kasa. Na dawo daga aiki da azahar, na zauna a bakin gadonta, na fito da katin na gaya mata gaskiya. Na ce ba ciwon yara ba ne, na yi shiru ne na bar ta a kan kuskure. Na ce Bello ne ke son jinin, shi da abokan aikinsa suna neman abin da ya sa ta daɗe, don su yi maganin da zai sa mutane su ninka shekarunta. Ka ce ba za ta gane ba. Sau ɗaya na faɗa, ba ta ce in maimaita ba.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce in jawo mata adakarta daga ƙarƙashin gado. Ka san adakar, wadda aka hana mu taɓawa muna yara. Ta sa na buɗe, na ɗaga tsofaffin zannuwa, a ƙasa ga farin yadi a naɗe cikin leda, yana ƙanshin turare. Na san tana da likkafani a ajiye, kamar yadda tsofaffinmu ke yi, kuma ina ganin tana sa a shanya shi a inuwa duk shekara. Abin da ban sani ba shi ne wanda ta gaya mini ranar.

Ta ce, “Wanga shi na na ukku.”

Na farkon ta saye shi a kasuwar Gummi tun muna makarantar firamare, da kuɗin akuyarta. Ya yi shekaru yana jiranta. A shekarar dalma, ranar da ɗan Lawali na biyu ya cika, an nemi farin yadi a ƙauyen an rasa, don gidajen da ake nema sun yi yawa. Ta shiga ɗaki ta ɗauko nata ta ba da aka yanka. Ya isa yaron, ya isa ƙanwarsa da ta bi shi, har ya rage aka kai maƙwabta. Ta sake sayen wani bayan kaka. Shi aka naɗe Lawali da shi ranar da aka tono shi daga rami. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ni da nake gidan ina tsammanin maza ne suka sayo.

Ta shafa na ukun da tafin hannunta ta ce, “Ki tambaye shi, in ya ƙara man shekara ɗari, guda nawa ni ka yankawa?”

Ga tambayar nan na kawo maka, Dokta. Na yi kuka a gabanta har ita ta koma tana ba ni haƙuri.

Kada ka ɗauka ta la'anci aikinka. Na tambaye ta ko in ƙona katin, ta ce jini ba a ƙona shi, in binne kamar yadda ake binne gashi da farce. Na haƙa rami a gindin zogalen bayan gida na sa shi. Takardar dangwalen kuwa ni na yaga da hannuna, laifina ce, ba sai na tambayi kowa ba. Sannan ta ba ni saƙon da ya sa na zauna rubuta wannan, kuma ga shi yadda ta faɗa, ban ƙara ban rage ba: “Ban hana shi ba. Jinina nashi na. Amma shi taho da ƙahwarshi, shi zauna nan, shi dube ni, shi hwaɗa man abin da shi ka so da shi. In na ji, sai in ba shi ko in hana.”

Ka ga ba a rufe maka ƙofa ba. Yatsa goma gare ta, kuma har yau akwai jini a cikinsu. Amma ta hannun direba ba za ka same shi ba, ta hannuna ma ba za ka sake samu ba.

Yaya, ka tuna wasan da kuke yi da ita? Kai ne jikan da ya fi kowa tsokanarta. Ka dawo daga makaranta ka jefar da jaka ka leƙa ɗakinta ka ce, “Tsohuwa, yaushe za ki tahi mu ci gumba?” Ita kuma ta ɗaga muciya ta ce, “Sai na ga hurhura ga kanka, miji na banza.” Kullum haka, har maƙwabta sun haddace. A lokacin mutuwarta abin wasa ce a bakinka, don ka san haka tsarin yake, tsoho ya tafi jikoki su ci gumba su yi dariya a gidan makoki, a ce ya yi kyakkyawan ƙarshe. Ita wannan take so tun tuni, sai aka yi ta juya mata tsarin, tana zaune ana fita da ƙanana.

Bayan maganar adaka da kwana biyu ta ce in nuna mata kai a waya. Na kunna mata bidiyon. Ba ta jin Turanci, ba ta kuma kula da hotonta da ke bayanka a bango ba. Ta kawo wayar dab da idonta, ta sa yatsa a gefen kanka, ta daɗe a haka. Sai ta yi murmushi ta ce, “Ya yi hurhura.” Washegari ta fara mai da kwanon tuwo yadda aka kawo shi. Ban ce wannan ne dalili ba, ni ma'aikaciyar lafiya ce, na san jiki yakan gaji. Na dai gaya maka yadda abin ya biyo juna.

Na san uzurorinka, kuma ba duka ne na banza ba. Hanya ba lafiya, gaskiya ne, mu ma ba ma bin ta Bukkuyum in rana ta karkata, kuma kowa ya fita sai an yi ta kiran waya har ya isa. Amma ana bi da safe, maigidana ya ce zai zo har Gusau ya tarbe ka. Aiki ya riƙe ka, na yarda, sai dai ɓerayen ɗakin gwajinku za su jira ka mako biyu. Ina jin akwai wanda ba ka faɗa ba, kuma shi ne na gaskiya. Tun kana shekara tara ba ka sake tsayawa inda ake mutuwa ba. Ba ka zo ta Baffa ba, ba ka zo ta yaran ba, ba ka zo ta Lawali ba. Ban taɓa yi maka gori ba, yau ma ba gori nake yi ba. Tausayinka nake ji, ɗan'uwana, kuma ina jin tsoron abin da za ka ɗauka har ƙarshen ranka in ka bar wannan ma ta wuce.

Ka san ba a ajiye gawa a nan. In ta cika da hantsi, kafin azahar an dawo an zauna karɓar gaisuwa. Ba jirgin da zai kawo ka a tsakanin nan, kuma ba zan roƙi kowa ya jira ba, ita ma ba za ta yafe mini ba in na yi. Ni zan yi mata wanka, ni zan naɗe ta, ni zan ɗaura. Amma ni mace ce, iyakata ƙofar gida. Daga nan maza ne za su ɗauka, kuma in an isa, sai an nemi muharraminta ya sauka cikin kabari ya karɓe ta, ya kwantar da ita a gefen dama, ya kwance ƙullin. Za a juya a tambaya ina nata. 'Ya'yanta maza sun tafi, Lawali ya tafi. A duk duniyar nan namijin da ya rage daga jininta kai kaɗai ne. In ba ka nan, mutanen kirki za su yi, ba za a bar ta a ƙasa ba. Amma matar da ta sallami nata ɗaya bayan ɗaya, a ce hannun baƙo ne zai sauke ta, wannan nake kwana da shi nake tashi da shi.

Ba sai ka ba ni amsa a nan ba, kuma ba na neman ka ce na fi ka gaskiya. Wataƙila akwai abin da ka sani wanda ni da liman ba mu sani ba. Ka zo da shi ka faɗa mata da bakinka, tana ji har yanzu.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya jiƙan Lawali da 'ya'yansa da duk yaran da suka tafi a shekarar dalma. Allah Ya yafe mini shirun da na yi wa Inna. Allah Ya sa albarka a iliminka, Ya karkata shi inda zai amfani bayinSa, Ya cire maka tsoron da ka daɗe kana ɗauke da shi. Allah Ya sauƙaƙa wa Inna, Ya sa ta cika da kalmar shahada, Ya sada ta da waɗanda take kewa. Allah Ya tsare maka hanya, Ya sa ka riga makara isowa ƙofar gidan nan. Amin.

Wassalam.

Ni ce ƙanwarka,
Kulu, daga Anka.